Rakiya Mai Banda da Ganyen Bayan Kada

An haifi Rakiya a shekarar da aka toshe kogin Kwara da madatsa, ruwa ya komo baya ya shanye tsohon ƙauyensu har da makabarta da tsamiyar bakin kasuwa. A bayan uwarta ta yi ƙaura zuwa sabon mazauni tana da kwana arba'in a duniya. Har yau idan aka tambaye ta garinsu, sai ta nuna tsakiyar tafki da leɓe ta ce, "Can, ƙarƙashin wancan jirgin. In kana da dogon numfashi tafi ka gaishe su." Tun daga nan ba ta cika yarda da abin da aka rubuta a takarda ba, domin takarda ce ta yi musu alkawarin gidaje masu sanyi, aka ba su ɗakunan da ko akuya ba ta yarda ta wuni a ciki.

Ta girma a Tungan Bargi, 'yar tungar masunta da ke bakin tafki, rabin awa a babur daga Warra idan hanya ta yi kirki. Can ta yi aure, can ta haifi 'ya'ya shida ta aurar, can kuma ta yi suna da bandar kifi. Kowace mace a tungar ta iya ɗora kifi a wuta, amma na Rakiya daban ne. Tarwaɗarta takan fito ja kamar an ƙunsa mata lalle, ta yi wata uku a kwali ba ta yi ƙwaro ba, har dillalan Yelwa sukan gane ta da hanci kafin a kwance ɗauri. Ta san itacen da ke ba da wuta, ta san wanda ke ba da ƙamshi. Ta kuma san cewa ɗanyar burugu, ciyawar nan ta bakin ruwa, in aka ɗora ta a kan garwashi sai ta tada hayaƙin da za a hango daga tsallaken tafki, alhali abin da ke sama ko gashin kaza ne ba zai ƙone ba.

Murhun bandarta na laka ne. Mijinta Ɗanjuma ya gina mata shi shekara ashirin da suka wuce, kuma a karkace ya gina shi. Kusurwar gabas ta yi tsawo, ta yi nisa da bakin wuta, duk kifin da ya faɗa can sai dai ya sha iska mai ɗumi ya fito kamar yadda ya shiga. Rakiya ta raɗa wa kusurwar suna Ɗakin Malam, domin a cewarta nan ne ake zama ba a tsinana komai. Shekara ashirin ba a yi mako guda da ba ta yi masa gorin ginin nan ba.

Ɗanjuma masunci ne, ɗan masunci, kuma yana da farfaɗiya. Ta fara kama shi shekara biyu bayan aurensu, yana tsaye a jirgi zai jefa birgi, tarun nan na jifa, wansa ya fizgo shi daga ruwa ta ƙugun wando. Dattawan tunga suka zauna suka yanke hukunci: duk ranar da ya faɗi, kwana arba'in ba shi ba ruwa, idan kuma ya koma sai da igiya a ƙugu ɗaure da babban gora. Igiyar ba ta dame shi ba. Kwana arba'in ɗin ne ke kashe shi. Yakan zauna a gindin giginya yana ɗinkin tarun wasu, yana kallon jirage suna fita da hantsi, idonsa ya yi zuru-zuru kamar na kifin da ya wuni a kasuwa.

An yi masa rubutu ya sha har haƙoransa suka yi baƙi. Wani boka ya ce 'yan ruwa ne ke son farin rago, aka kai ragon, boka da iyalinsa suka yi ƙiba. Ƙwayar asibitin Yelwa ta rage abin sosai, sai dai wani watan a samu, wani watan a ce ta yanke, idan kuma ya sha yakan yi gyangyaɗi a kan filafilin tuƙi.

Uwarsa, Inna Hussaina, ita ta kawo ƙarshen yawon. Wata rana da bazara ta sa Rakiya ta tuƙa ta zuwa Bayan Kada, wani ɗan tsibiri da ba ya fitowa sai ruwan tafki ya ja baya a ƙarshen Maris, ya sha rana wata biyar, Satumba na kamawa ruwa ya sake haɗiye shi. A tsakiyar burugu tsohuwar ta nuna mata wasu tsirrai masu ganye kamar yatsun hannu. Rakiya ta murje ɗaya ta shinshina, ta ja da baya.

"Inna! Wanga ai tabar 'yan tasha ta. Wiwi fa!"

"'Yan tasha suna da irin nasu, wanga namu na," in ji tsohuwa. "Kama kawai sunka yi, kamar ke da ƙanwarki. Amma namu yana da kunya."

Ta koya mata yadda ake dafa shi da man shanun Fulani, a lasa ɗan kaɗan safe da yamma, ta danƙa mata ƙaramin tandu cike da iri. Ta ce daga kakarta ta gada, kuma irin ba ya jure ajiya, ɗanshin tafki yana kashe shi in ya wuce shekara biyu. Dole a shuka rabi kowace bazara, a ajiye rabi, a sabunta. Damina biyu bayan haka Inna Hussaina ta rasu, ta bar wa surukarta sirri da tandu da ɗa mai gardama.

Gaskiyar tsohuwa ce, ganyen yana da kunya. Wasu 'yan kabu-kabu daga Warra sun taɓa jin ƙishin-ƙishin, suka je suka yi sata, bayan kwana biyu suka aiko da ƙorafi cewa an cuce su, rama ce. A shekarar da ruwa ya yi sammako ya cinye shukar kafin ta nuna, Rakiya ta yi kuskuren aikawa a sayo na tasha. Ɗanjuma ya lasa ya fita su. Ya wuni a tsakiyar tafki yana gaida wata dorina da "Hajiya, ina gajiya," ya saki duk kifin da ya kama domin a ganinsa suna da iyali. Tun ranar Rakiya ta rantse, in ba irin Inna ba, babu.

Gardamar Ɗanjuma kuwa ita ce ba ya taɓa yarda ya faɗi. Mai farfaɗiya ba ya tuna abin da ya same shi, shi kuma ya mai da wannan hujja.

"Ni ban faɗi ba, Rakiya. Kishingiɗa na yi."

"Kishingiɗa cikin kwandon kifin ƙurungu, Malam? Ƙaya ukku na cire maka a mazaunai."

"Sharri na. Ke dai kina son ki ga na zauna gida."

Don ta ƙure shi ta ɗauki zaren taru ta rataya a bayan ƙofa. Duk ranar da ya faɗi sai ta yi ƙulli. Kowane sabon wata ta soka ƙayar kifi a zaren. In maganin Inna ya ƙare ta ɗaura jan tsumma, in ƙwayar asibiti ta yanke ta ɗaura fari. Bayan Kada na fitowa ta sake sabon zare. Ba don kowa ta yi ba sai don in ya buɗe baki ta jawo zare ta kaɗa masa a fuska.

Zare talatin da ɗaya ta tara lokacin da wasu likitoci suka zo Warra duba marasa lafiya kyauta. Cikinsu akwai Dakta Yasira, siririyar mace mai tabarau, malama a wata jami'a, wadda aikinta binciken ciwon farfaɗiya. Ta tambayi Ɗanjuma sau nawa yake faɗuwa a shekara, ya gyara hula ya ce shi a iya saninsa bai taɓa ba. Rakiya ta kwance bakin zane ta zube damin zare a kan tebur.

Likita ta ɗauki ɗaya, ta nemi bayani, aka yi mata. Ta shimfiɗa su a ƙasa layi-layi, ta durƙusa da farar rigarta tana bin ƙulli da yatsa. Inda jan tsumma yake, ƙulli ya yi cincirindo kamar tururuwa sun sami ƙashi. Inda babu, a yi tafiyar wata biyar zare sumul.

"Inna, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani mana. Na ƙure maƙaryaci."

"Jan tsumman nan fa, wane magani ne ke ƙarewa?"

Rakiya ta dubi ƙofa, ta dubi taga, ta matso ta faɗa mata a kunne. Likita ta cire tabarau ta goge. Ta ce a wasu ƙasashe an tace wani sinadari daga wannan tsiro, wanda ba ya sa maye, ana ba masu wasu nau'o'in farfaɗiya da awo da lura.

"Amma ban ce naki shi ne ba, Inna. Ban sani ba. Wataƙila ganyen ne, wataƙila dace ne, wataƙila ciwon ne ke jin tsoronki. Zai iya yiwuwa ma yana yi masa wata illa a hanta ba mu gani ba. Ƙwayar asibiti kada ya bari ko da wasa. Wannan kuwa sai an auna."

"To ki auna, ɗiyata. Shekara talatin ina ba bawan Allah abu da kan tsinke, ban san ko na yi yawa ko na yi kaɗan ba. In kin auna ki ce mani."

"Doka ta hana ni taɓa shi sai da takardar izini."

"Wa ka ba da takardar?"

"Sai ta bi ta hannun waɗanda aikinsu shi ne su ƙone shi."

Rakiya ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce wannan kamar a ce kifi ya nemi iznin iyo daga wurinta ne.

Shekara biyu takardar ta yi tana yawo daga tebur zuwa tebur. Da ta fito, a watan Disamba ta fito, da wa'adin kwana casa'in, da sharaɗi cewa likita da hannunta za ta tsinki ɗanyen ganye a inda ya tsiro, a gaban jami'in kamen ƙwaya. Busasshe na cikin tukunya bai shiga ba. Dakta Yasira ta taho da murnarta don ta fara ganin wurin. Ɗanjuma ya tuƙa su zuwa tsakiyar tafki inda babu komai sai ruwa da sama, ya tsaya, ya zura filafili har hammata.

"Ga gonar nan, Likita. Gaba ukku ƙasa. In takardarki ta iya nutso, bismilla."

Wa'adi ya ƙare saura mako biyu tsibiri ya leƙo. Likita ba ta karaya ba. Ta sake rubutawa, kuma don kada a sake kuskure ta yi bayani dalla-dalla: ga sunan tsibiri, ga taswira, ga watan da yake fitowa, ga watan da ganye ke nuna. Sunan masu shuka kawai ta ɓoye. Ta bugo wa Rakiya waya ta ce wannan karon in Allah ya so Agusta za su zo, ita da jami'in da zai tsaya shaida.

A tungar masunta ba a miƙa wa baƙo kifi ɗaya. Rakiya ta dubi 'yar shukar da ta saba yi, tushe ashirin, ta ji kunya ta kama ta. Mace ta yi shekara uku tana bin ofis saboda mijin wata, a ce ta zo ta tarar da abin da bai cika faranti ba? A bazarar nan ta juye tandun Inna gaba ɗaya a Bayan Kada, har da rabin da ake ajiyewa, ta buga gindinsa don kada ƙwara ɗaya ta maƙale.

Ranar wata Talata ta tsakiyar Agusta, bayan an kwana ana ruwa, wata mota ta tsaya a bakin tunga da hantsi, mutum huɗu suka sauko da kaki. Babbansu dogon mutum ne mai furfura a saje, sunansa Enoch, mutumin Zuru. Ya yi sallama ya tambayi hanyar Bayan Kada. Rakiya ta saki guɗa. A zatonta 'yan shaida ne suka iso, Likita tana tafe. A tungar ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi kafin ya ci abinci, don haka ta shimfiɗa musu tabarma, ta dire tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa. Enoch ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce, "Ci tukuna, Yallaɓai, magana ba ta gudu." Suka ci, suka side yatsu.

Ɗanjuma da kansa ya tuƙa su, har da Rakiya. Enoch ɗan tudu ne, ruwan da ya sani shi ne na rijiya. Ya sa rigar hana nutsewa biyu, ya ƙanƙame gefen jirgi, ya ga igiya a ƙugun matuƙi ɗaure da gora ya tambayi dalili.

"Matata ta ce wai ina faɗuwa," in ji Ɗanjuma.

Enoch ya rufe ido ya fara addu'a a harshen garinsu.

Sai da suka taka tsibiri, jami'an suka zaro adduna daga buhu, sannan Rakiya ta gane. Takardar Likita ta bi ta ofishin da ya kamata, sai dai mai karatu ya tsaya a kan taswira bai ƙarasa zuwa shafin roƙo ba.

"Gonar wa ce wannan?" in ji Enoch.

"Ta ruwa ta," in ji Rakiya. "Wata bakwai yana kwance bisanta. Mu da munka zo jiya mi muka sani?"

Enoch ya dube ta, ya dubi tsohon da ke tsaye da gora a gindi, ya tuna tuwon da ke cikinsa. Ya rubuta cewa ba a sami mai gona ba. Amma umarni umarni ne. Suka sare tushe arba'in da uku, kawunansu sun yi nauyi da iri, saura mako biyu a girbe. Rakiya ta bi ƙasa da ido ko ƙwara ta zuba. Laka ce kawai, ita ma ruwa na tafe ya share ta. Duk abin da ya rage na Inna Hussaina a duniya yana ɗaure a dami uku cikin jirgi. In ya ƙone, Ɗanjuma ya koma gindin giginya ke nan, ko kuma wata rana gora ya dawo bakin gaɓa yana jan mutum a kife.

Ƙa'ida ta ce a ƙone a bainar jama'a a ɗauki hoto. Suka tara damin a bakin tunga, jama'a suka kewaye. Wani jami'i ya zuba fetur ya ƙyasta ashana. Wuta ta yi bup, ta lashe masa gira, ta mutu. Ganye jiƙe sharkaf, ko launi bai sake ba. Aka ƙara fetur, aka ƙara bup. A karo na uku mata suka fara dariya a bayan mayafi, hadari kuma ya sake haɗowa daga yamma.

Abu biyu suka taso wa Rakiya a lokaci guda, har yau ba ta san wanne ya riga ba. Ɗaya dabara ce. Ɗayan kuwa haushi ne tsagwaro, irin wanda gwani ke ji in ya ga ana wulaƙanta wuta a gabansa.

"Yallaɓai, kai dai ba a aike ka ka kunyata gwamnati ba. Haka aka wuta a garinku? Ku kawo shi nan, in nuna muku aiki."

Ta sa aka kwaso damin zuwa murhunta. Ta hura garwashin ƙirya har ya yi ja. A gaban idon Enoch ta riƙa karya kara da ganye tana turawa a bakin wuta, suna ƙara suna ci, mai hoto yana ɗauka. Kawunan kuwa ta ce sun fi jiƙa, sai an ɗora su a raga ta sama wuta ta ci su daga ƙasa. Ta baza su, ta sa sandar juya kifi tana gyarawa, kuma a cikin gyaran nan hannunta ya yi abin da ya shekara ashirin yana kaucewa: ya tura mafi nauyinsu can cikin Ɗakin Malam. Ta rufe da tsohon kwano, ta rungumo ɗanyar burugu ta danna a kan garwashi.

Hayaƙi ya tashi kamar gari ya kama. Fari, mai kauri, ya murɗe ya hau sama ya rufe giginya. Enoch ya daka tsawa kowa ya koma bayan iska, kada wani ya shaƙa ya ce hukuma ta bugar da shi. Jama'a suka watse da gudu, ban da wani tsoho mai ciwon gwiwa da ya ce shi ƙafarsa ba ta sauri, ya zauna daidai inda hayaƙin ke bi yana jan numfashi da ƙarfi. Burugu kawai ya shaƙa, ya yi kwana biyu yana tari.

Bayan la'asar hayaƙi ya lafa. Enoch ya zo ya leƙa bakin murhu, toka ce fara tas. Ya ɗaga gefen kwano, raga ta yi baƙi, abin da ke tsakiyarta ya zama gawayi. Sai ya zagaya yana dafa bango don kada santsi ya kwashe shi. Bangon yamma ya ƙona masa tafi. Da ya iso kusurwar gabas ya dafa, ya ji ta da ɗumi-ɗumi kamar goshin jariri. Ya bar hannunsa a wurin. Ya dubi kwanon da ya rufe kusurwar, bai ɗaga shi ba.

"Inna, wa ya gina miki murhun nan?"

"Wancan na, mai gora."

Enoch ya ɗauke hannu ya goge a wando. Ya juya wajen Ɗanjuma ya ce, "Baba, ka iya gini." Ya zaro biro ya rubuta cewa an ƙone tushe arba'in da uku ƙurmus, shaidu suka dangwala yatsa, mota ta tashi da ƙullin bandar tarwaɗa a bayanta, domin ba a sallamar baƙo hannu wofi ko da adda ya zo.

Ɗanjuma bai bar maganar nan ta huce ba. Har yau in ta taɓa shi sai ya ce, "Hukuma da kanta ta duba aikina ta yaba."

Bayan mako uku Dakta Yasira ta iso, fuskarta kamar an yi mata rasuwa. An rufe buƙatarta. Wasiƙar ta ce tunda an tabbatar da lalata gonar, babu sauran abin da za a bincika. Ta riƙa ba da haƙuri, ta ce taswirarta ce ta jawo. Rakiya ta ja ta ɗaki, ta janyo tandu daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Likita ta leƙa, idonta ya cika da hawaye, sai ta mai da hannuwanta biyu baya ta sarƙe su.

"Inna, rufe. Wannan abin da nake gani an ƙone shi ranar sha biyar ga Agusta, akwai hoto, akwai hatimi. In na ɗauki ƙwara ɗaya na kai ɗakin gwaji, ni za a ɗaure, ke a ɗaure, mutumin da ya sa hannu a kore shi."

"To da yana nan an hana ki, yanzu da babu shi an hana ki. Yaushe aka bari?"

"Ranar da ya zama magani."

"Wa ka cewa ya zama magani?"

"Wanda ya auna."

Rakiya ta rufe tandu ta ce Allah ya ba masu ilimi haƙuri. Sannan ta sauko da damin zare daga bayan ƙofa ta ɗora mata a cinya, ta tambaya ko shi ma sai da takarda. Likita ta yi murmushi ta ce a iya saninta ba a hana zare ba tukuna. Ta tafi da shi, ta bar wa Ɗanjuma ƙwayar wata shida da gargaɗi. An ce tana can tana rubutu a kansa, kuma ta sake shigar da wata buƙatar, wannan karon ba taswira.

Abin da ya tsira a Ɗakin Malam bai kai na shekara ba. Maganin ya ƙare a Janairu, Rakiya ta ɗaura jan tsumma a sabon zare. Ɗanjuma ya faɗi sau biyu, ɗaya a masallaci, ɗaya a bakin gaɓa da ƙafa ɗaya cikin jirgi. Kwana tamanin ya yi a gindin giginya, ya rame, har gardamar ma ya daina, abin da ya fi tsorata Rakiya ke nan. Ita kuma kullum sai ta zuba irin a tafin hannu ta duba. Cikin cokali biyu ne, wasu sun yi duhu. Ta san ɗumin kusurwar nan ba ya gasa kifi. Ko yana kashe iri, wannan ba ta taɓa gwadawa ba.

Ƙarshen Maris ruwa ya ja baya, Bayan Kada ya ɗago baƙin bayansa yana sheƙi. Ta shuka rabi a can ƙuryar da burugu ta fi duhu, ta mai da rabi tandu yadda Inna ta ce. Kwana tara ba ta koma ba, don ba ta da ƙarfin zuciyar gani.

A kwana na goma arba'in ɗin Ɗanjuma ya cika. Ya ɗaura igiya, ya jefa gora cikin jirgi, ya tuƙa ta da hantsi. Ta sauka ta kutsa cikin ciyawa, ta durƙusa. Ya jira, ya jira, bai ji motsinta ba.

"Rakiya! Kin faɗi ne?"

"Kishingiɗa na yi," in ji ta daga cikin burugu.

Goma sha ɗaya ne suka fito, kowanne da 'yan ganye biyu kamar kunnen ɓera, sun ɗaga laka a ka. Ta ƙirga su sau uku, ta kakkafa musu ƙaya saboda tsuntsu, ta wanke hannu a tafki ta hau jirgi. Ɗanjuma ya dubi fuskarta ya gane. Ya tura jirgi, maimakon ya nufi tunga sai ya miƙe tsakiyar ruwa inda ya ga kifi na wasa.

"Malam, gida fa ya kamata mu nufa. Na bar wuta."

"Bar ta," in ji shi, yana warware birgi. "Murhun nan hukuma ta duba shi."